Awon Tasirin Malami: Ƙidayar Ambato da Aikin Haɗin Gwiwa

Kowace shekara, idan lokacin ƙarin girma ya zo a jami'a, akan tara takardun malamai a gaban kwamiti domin a duba wanda ya cancanci hawa mataki na gaba. A Dutsin-Ma wannan aiki sabo ne idan aka kwatanta da Zariya ko Kano, gama Jami'ar Tarayya da ke garin a 2011 aka kafa ta, tana ɗaya daga cikin guda tara da Gwamnatin Tarayya ta kafa a farkon wannan shekara, ko da yake ta tarar da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a wurin. Amma tambayar da ke gaban kwamitin tsohuwa ce ƙwarai: ta yaya za a gane cewa binciken malami ya yi tasiri? A kan amsarta ne albashin mutum yake rataye, da muƙaminsa, da kuɗin bincike da zai samu ko ya rasa. Ɗalibin da ke neman wanda zai duba masa kundi yana da ruwa a cikinta, haka ma ma'aikacin gwamnati da za a kawo wa sunaye a ce ya zaɓi masanin da za a ba wani aiki.

A zamanin nan amsar da ta fi yaɗuwa ita ce ƙidaya. Ana ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikin malami a cikin nasu rubuce-rubucen, ana kuma ƙirga mutanen da ya yi aiki tare da su. Ya kamata a san yadda ake wannan ƙidaya, da abin da take iya gani, da abin da ke ɓace mata.

Asalin ƙidayar

Ambaton wanda aka karɓi ilmi daga gare shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman Hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, watau jerin mutanen da suka ruwaito ta ɗaya daga ɗaya. Almajirin da ya sauke littafi yakan karɓi ijaza mai ɗauke da sunan malaminsa da malamin malaminsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuki, domin ya lissafta shaihunan da ya yi karatu a wurinsu. Daga Katsina kuwa akwai misalin Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da hatimi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Abin da ya taimaka wajen tsare sunansa shi ne ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya sa tarihinsa a cikin babban littafinsa na tarihin Misra. Wannan ambato ne, kuma ya yi aikin da ambato ke yi: ya nuna cewa ilmin mutumin Katsina ya kai bakin Kogin Nilu, an kuma yarda da shi a can.

Sai dai akwai abin lura a nan, wanda za a koma kansa daga baya. Malaman Hadisi suna ƙirga hanyoyin ruwaya, har suka bambanta abin da jama'a mai yawa ta ruwaito da abin da mutum guda ya ruwaito. Amma ba su tsaya ga ƙirga ba. Kowane mai ruwaya sai sun auna shi: gaskiyarsa, da ƙarfin haddarsa, da ko ya taɓa haɗuwa da wanda yake cewa ya ji daga bakinsa.

Ƙidayar zamani daga Amurka ta taso. Tun 1873 lauyoyin ƙasar suke da wani littafi mai nuna kowace shari'a da shari'o'in da suka kafa hujja da ita daga baya. Wani masani mai suna Eugene Garfield ya ga cewa za a iya yi wa kimiyya haka, ya bayyana ra'ayin a 1955, ya kafa cibiyarsa a birnin Filadelfiya, a 1964 kuma ya fitar da jadawalin farko, wanda ya ƙunshi mujallu kimanin 600. Niyyarsa ta farko ita ce sauƙaƙa neman bayani: mai bincike ya kama maƙala guda, ya bi sawun duk waɗanda suka ambace ta, ya ga inda zancen ya kai. Daga baya ne masu mulkin jami'o'i suka ga cewa abin da aka yi domin bin sawu zai yi amfani wajen awon mutane. A yau manyan rumbunan wannan ƙidaya uku ne: Web of Science, wanda ya gaji aikin Garfield, da Scopus da Google Scholar, waɗanda duk a 2004 suka fito.

Yadda ake lissafin

Ma'auni na farko na mujalla ne. Ana ɗaukar yawan ambaton da maƙalun mujalla na shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Alal misali, a ce mujalla ta buga maƙala 50 a 2021, ta buga 50 a 2022, sa'an nan a 2023 aka ambaci waɗannan maƙalu sau 200. Idan aka raba 200 da 100 an sami 2, shi ne ma'aunin tasirinta na wannan shekara. Lambar ta mujalla ce baki ɗaya. A cikin maƙalun nan ɗari, mai yiwuwa ne goma suka kwashe mafi yawan ambaton, saura kuwa ba wanda ya waiwaye su. Saboda haka wanda ya yaba wa malami domin kawai maƙalarsa ta fito a mujalla mai babbar lamba, ya yi kamar wanda ya sayi buhun gero domin sunan kasuwar da aka kawo shi, bai sa hannu ya ji ƙwayar ba.

Ma'auni na biyu na mutum ne. Wani masanin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005, ana kiransa lambar h. Ana jera maƙalun malami daga wadda aka fi ambata zuwa wadda ba a ambata ba, a bi su ɗaya ɗaya, a tsaya a wurin da lambar jeri ta fi yawan ambato. A ce wani malami yana da maƙala goma, an ambace su sau 40, 22, 15, 9, 6, 5, 3, 1, 0, 0. Ta biyar tana da ambato 6, ya ishe ta. Ta shida tana da 5 kawai, bai kai shida ba. To, lambarsa 5 ce, watau yana da maƙala biyar waɗanda kowace aka ambata aƙalla sau biyar. Hikimar ma'aunin ita ce ba ya ruɗuwa da mai tara tarkacen maƙalu da ba a karantawa, ba ya kuma ruɗuwa da wanda ya yi dace sau ɗaya. Amma a ce wani malamin ayyuka uku kaɗai ya yi a rayuwarsa, an ambace su sau 900, 400 da 250. Lambarsa 3 ce, ba za ta taɓa wuce haka ba, alhali kowa a fannin da aikinsa yake kwana yake tashi. A takarda na farko ya fi shi.

Abin da ƙidaya ba ta bambancewa

Na'urar da ke ƙirga ambato ba ta san dalilinsa ba. Wanda ya karanta tarihin Katsina ya san sunan H. R. Palmer, Baturen da ya yi mulki a Katsina a farkon ƙarni na 20, wanda ya wallafa Sudanese Memoirs a 1928. Har yanzu ana ambatonsa. Amma masu ambatonsa da yawa, tun daga Abdullahi Smith a 1970 har zuwa Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, sun saɓa wa hanyar da irin su Palmer suka bi, ta jingina kafuwar daulolin Hausa ga baƙi da suka zo daga gabas. Duk lokacin da aka ambaci mutum domin a rushe maganarsa, na'ura tana ƙara masa maki guda, daidai da wanda aka ambata domin a yi gini a kan tasa. Malamin Hadisi da ya rubuta sunan mai ruwaya domin ya ce kada a karɓa daga gare shi, bai taɓa tsammanin za a lissafta wannan a cikin darajojin mutumin ba.

Haka nan yawan ambato yana bin nau'in aiki. A 2014 mujallar Nature ta fitar da maƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa, ta 1951, wadda ta bayyana hanyar auna wani sinadari a ɗakin gwaji. An ambace ta fiye da sau 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kuwa, wadda ta bayyana ƙirar ƙwayar gado, ba ta ma shiga ɗarin ba. Dalili shi ne duk mai amfani da hanyar awo tilas ya ambaci mai ita, amma ilmin da ya zama sanin kowa sai a daina faɗin wanda ya kawo shi. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Gregor Mendel ya buga bincikensa kan gadon halitta a 1866, masana ba su farga da shi ba sai 1900, bayan ya rasu. A fannin Hausa kuwa ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yau yana kan teburin mai nazari. Ma'aunin da ke kallon shekara biyu kawai ba shi da abin da zai ce game da irin wannan aiki.

Babbar matsala ga malamin wannan yanki ita ce iyakar rumbun kansa. Web of Science da Scopus mujallun da suka zaɓa kaɗai suke ƙirgawa, mafi yawansu kuwa na Turanci ne, ana buga su a Turai da Amurka. Google Scholar ya fi su faɗi, amma abin da aka ɗora a intanet kawai yake gani. A Batagarawa, kusa da birnin Katsina a ɓangaren da ake bi zuwa Kurfi, Polly Hill ta yi binciken da ya zama littafinta Rural Hausa, wanda aka buga a Kambirij a 1972. Aiki ne mai daraja kan gandu da bambancin arziki tsakanin manoma, ya kuma cancanci ambaton da yake samu. To amma kundayen digiri nawa aka rubuta da Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato kan noma da sana'o'i da waƙoƙin waɗannan garuruwa, suna nan a kan kanta, ɗalibai suna ɗauka suna amfana, suna kuma ambatonsu a nasu kundayen da su ma na'ura ba ta gani? Littafin nahawun Hausa na M. K. M. Galadanci na 1976 da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988 sun ratsa hannun ɗalibai da malaman makaranta ba adadi. Mafi yawan wannan amfani a aji ya faru, da takardun jarrabawa, da mujallu irin su Harsunan Nijeriya, inda ƙidayar ba ta isa sosai ba. Idan aka sa malamin Hausa da malamin harhaɗa magunguna a mudu ɗaya, an gama shari'ar tun kafin a zauna.

Akwai kuma tasirin da ba ya bi ta mujalla sam. Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa lokacin zaɓen 1979, daga baya ya zama Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, ya wallafa littafi a 1983 yana kwatanta zaɓen 1959 da na 1979. Masu karanta irin wannan littafi sun haɗa da jami'an zaɓe da lauyoyi da 'yan jarida, waɗanda ba su rubuta maƙala balle su jera madogara. Haka rahoton da masani zai rubuta wa ma'aikata kan ƙasar noma ko ruwan sha: idan aka yi aiki da shi, gonaki ne za su shaida.

Sunan Kurfi ya tuno da wani ƙaramin al'amari mai babbar illa. Bahaushe yakan ɗauki sunan garinsu ya zama sunansa na ƙarshe, ga kuma sunayen yanka da suka yi yawa a hannun jama'a. Masana nawa ne za su sa hannu da M. S. Kurfi ko A. Dutsin-Ma? Shi kansa sunan garin ana rubuta shi Dutsin-Ma, ana rubuta Dutsinma, ana rubuta Dutsin Ma. Mutum guda yakan sa sunan mahaifinsa a ƙarshe a wata maƙala, ya sa sunan gari a wata, ga haruffa masu lanƙwasa da na'ura kan mayar da su wani abu dabam. Sakamakon haka sai a raba mutum ɗaya gida uku, ko a haɗe mutum uku a mai da su ɗaya. Maganin wannan yana da sauƙi: tun 2012 akwai rajistar ORCID, wadda ke ba kowane mai bincike lamba mai gurbi 16 tasa shi kaɗai, kyauta. Malamin da bai yi wannan rajista ba, bai kuma tsaya ga rubuta sunansa ta hanya ɗaya ba, shi ya zubar da hatsinsa da hannunsa.

Haɗin gwiwa

Ma'auni na uku shi ne abokan aiki. Ana duba mutum nawa malami ya yi rubutu tare da su, daga jami'o'i nawa, daga ƙasashe nawa. Masana lissafi har wasa suka mai da abin. Paul Erdos, mutumin Hangari da ya rasu a 1996, ya buga maƙalu wajen 1,500 tare da mutane fiye da 500. Wanda ya yi rubutu da shi lambarsa 1, wanda ya yi da wancan lambarsa 2, haka har ƙasa. Wanda ya san silsilar ijaza ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai gaskiya a cikin wannan awo, gama wani binciken ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A ɗauki madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma. Wanda zai yi nazarinta sosai yana bukatar masanin ruwa, da na ƙasar noma, da na kifi, da likita saboda cututtuka irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, da kuma masanin harshe da al'ada wanda zai iya zama da masunta da manoman rani ya fahimci abin da suke faɗa. Wannan gayya ce. Amma a gayyar gona kowa yana ganin wanda ya riƙe fartanya da wanda ya zo shan fura. A kan takarda sunaye ne kawai a jere. A 2015 an buga wata maƙala ta masu binciken ƙwayar zarra a cibiyar da ke kusa da Janeba, tana ɗauke da sunan marubuta 5,154, kuma duk ambaton da ta samu ana rubuta wa kowannensu shi cikakke. Wannan aiki ne na gaske da dubban mutane suka yi. Sai dai ƙa'idar da ta ba su wannan ita ce ta buɗe ƙofa ga abin da kowa ya sani a jami'o'i da dama: "sa sunana a taka, in sa naka a tawa". Mutum huɗu su yi adashin maƙala, kowa ya rubuta ɗaya, kowa ya tashi da huɗu. Akan yi adashin ambato ma, ko mutum ya yi ta ambaton kansa ba gaira ba dalili, ko a biya kuɗi ga mujallar da ba ta tantance komai ta buga cikin mako guda. Da zarar an ce ga lambar da za a kai kafin a sami ƙarin girma, to za a sami masu neman lambar ta kowace hanya.

Ta ɗaya gefen kuma akwai wanda ya yi aikin amma sunansa bai shiga lissafi ba, kuma tarihin nazarin Hausa cike yake da su. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, shi ya ba J. F. Schön labarai da dama da suka shiga Magana Hausa na 1885. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913 malamai ne suka rubuta da yawa daga cikinsu da ajami. Baba ta Karo ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954 da sunanta a kan bango, Mary Smith ta kuma yi mata adalci gwargwadon hali. Duk da haka a rumbun ƙidaya marubuciya ce ke karɓar ambaton. Wannan bai zama tarihi ba tukuna. Idan masu bincike daga waje suka zo da kuɗi, malamin gida ya nemo mutane, ya yi tafinta, ya tattara bayanai a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, ya kamata tun kafin a fara a rubuta a ƙasa wane ne zai shiga jerin marubuta, a wane gurbi, da kuma inda za a ajiye bayanan. In ba haka ba, zai tarar da sunansa a layin godiya, wanda ba ya cikin abin da ake ƙirgawa.

Abin da ya rage ga kwamiti

Masu kimiyya da kansu sun ga waɗannan illoli. A 2012 wasu editoci da masana suka tsara sanarwa a birnin San Faransisko suna kira da a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen ɗaukar malami ko ƙara masa girma. A 2015 aka fitar da wata daga Leiden ta ƙasar Holan mai ƙa'idoji goma, ta farkonsu tana cewa lamba ta zama mai taimaka wa hukuncin masana, wata kuma tana kira da a kare binciken da ya shafi bukatun gida da harsunan gida. Ba wanda ya ce a jefar da ƙidaya. Tana da amfani wajen kare ƙaramin malami daga son zuciyar babba, domin lamba ba ta san ɗan wane ba, tana kuma tona asirin wanda ya shekara ashirin ba wanda ya taɓa jin ɗuriyar aikinsa.

Jami'o'in Nijeriya suna da al'adar aika ayyukan mai neman zama Shaihun Malami zuwa ga masana na waje su karanta su yi hukunci. Wannan al'ada ita ce ta fi kusa da awon masu ruwaya, kuma ita ce ya kamata a ƙarfafa, har a faɗaɗa ta zuwa matakan ƙasa. Kwamiti na iya neman malami ya zaɓi ayyukansa huɗu ko biyar da ya fi alfahari da su, ya faɗi abin da kowane ya ƙara wa ilmi, idan kuma na haɗin gwiwa ne ya faɗi ɓangaren da hannunsa ya yi. Idan an kawo lamba, a tambayi daga wane rumbu ta fito, a cire ambaton kai, a kwatanta malamin Hausa da malaman Hausa, masanin kifi da masana kifi. Jami'a kuma tana da nata aikin da ba na kwamiti ba: ta ɗora mujallunta da kundayen ɗalibanta a intanet, har da na Hausa, kowane da taƙaitaccen bayani da lambar shaida ta dindindin. Akwai rumbun mujallun Afirka, AJOL, da ke aiki tun 1998, kuma mujallar da ta cika sharuɗɗansa tana iya neman shiga.